Bayan An Kwance Zare: Tsohon Ɗan Dambe da Yaransa

A farkon shekarar 1824, zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wani Baturen sojan ruwa mai suna Hugh Clapperton ya yi wata guda da 'yan kwanaki a birnin Kano kafin ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Labarin 'yan damben ƙasar Hausa ya riga ya cika masa kunne, sai ya aika baransa da tayin wuri 2,000 ga waɗanda za su zo su taka a ƙofar masaukinsa, bisa sharaɗin kada a yi da gaske, don ya ji cewa da wuya a tashi ba a yi gawa ba. Washegari suka zo da makaɗa biyu, mahautan gari kuma suka rufa musu baya. Mai kula da fage ya riƙa watsa wa 'yan kallo ƙasa har suka ja da baya, 'yan mata suka bar tulunansu a bakin rijiya suka sheƙo. Kowane ɗan dambe ya fito ɗaure da warki, ya zagaya fage yana nuna damtse yana kirari, mutane suna dafa masa kafaɗa suna sa masa albarka, sannan aka naɗe masa hannun dama da siririn ƙyallen saƙi, aka faro daga ɗan yatsan tsakiya. Da hagu ake karewa, tafi a buɗe, da dama ake duka. Bayanin nan, wanda aka buga a Landan a 1826, yana cikin mafi daɗewar abin da muke da shi a takarda game da dambe, kuma duk wanda ya taɓa zama a gidan dambe a yau zai gane fagen nan tun daga kiɗan. Sai dai akwai wani abu a cikinsa da masu karatu kan wuce da sauri. Da aka zo haɗa su bibbiyu, idan biyun da aka fito da su na juna ne, sai su haɗa ƙirji sau biyu, su shaida wa jama'a cewa su abokai ne, ɗaya ya fita a kawo wani. Sai an sami waɗanda ba abin da ya haɗa su sannan a sa hannu.

Wannan ɗan abin ya isa ya nuna cewa tun shekara 200 da suka wuce ɗan dambe ba ya shiga fage shi kaɗai. Yana da gida, yana da mutanen da ba ya duka, kuma akwai wanda ya koya masa su waye su. Akwai wanda ya naɗa masa hannu, tunda mutum ba ya iya yi wa kansa naɗi mai kyau da hannu ɗaya. Ra'ayina shi ne wannan mutumin da ke tsaye a gefen fage, tsohon ɗan damben da ya kwance zare ya koma riƙon yara, shi ne ya ɗauko dambe daga zamanin Dabo ya kawo shi zamanin wayar salula. Sarauta ba ta riƙe dambe ba, malamai ba su taɓa ƙaunarsa ba, Turawan mulkin mallaka ba su sa shi a makaranta ba kamar yadda suka sa ƙwallon ƙafa. Abin da ya riƙe shi shi ne cewa rayuwar ɗan dambe kashi biyu ce, shekarun duka da shekarun koyarwa, kuma kashi na biyun ya fi na farkon tsawo. Mun haddace na farkon saboda an sa shi a waƙa. Na biyun kuwa sai an tono shi.

A fara da inda dambe ya fito, wato karkara. Lausu, wadda a yau mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Rano, da maƙwabtanta na wajen Kibiya, ƙasar noma ce ta dawa da gero da gyaɗa, a tsakiyar tsohuwar daular Rano da labarin Bayajidda ya lissafa cikin Hausa Bakwai, ya kuma haɗa ta da Kano a matsayin sarakunan baba. A irin wannan ƙasa, kamar sauran ƙauyukan Kano, shekara tana da lokacin aiki da lokacin wasa, kuma ba a gauraya su. Daga saukar damina har a yi girbi ba mai lokacin dambe. Da kaka ta yi, rumbu ya cika, aka shiga bukukuwan aure, sai buƙatar nama ta tashi, mahauta su fita gari-gari suna yanka. Da su ake tafiya da kalangu, wanda tun asali kiɗan mahauta ne, da su kuma ake tafiya da samarin da za su taka da yamma idan kasuwa ta watse. Naɗin Sarkin Pawa ko auren ɗan mahauci ba ya cika sai an sa zare. Manoma su ba da damin hatsi, attajiri ya ba da riga, 'yan mata su zaɓi gwani. A wannan tsari ba a buƙatar wani mutum na daban mai suna mai horarwa, domin gidan da yaro ya koyi fiɗa a nan ya koyi tsayuwa. Ubansa ko baffansa ko wansa tsohon ɗan dambe ne, kuma hannun da ya nuna masa yadda ake kama ƙahon bijimi a kayar shi ne ya nuna masa yadda ake miƙa hagu a tsare fuska. Koyarwar ta narke cikin sana'a har ba a ganinta. Dalili ke nan na farko da ya sa ba ta bar suna ba. Na biyu shi ne matsayin mahauta kansu. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau da Kano a tsakiyar ƙarni na 20, ya nuna yadda Hausawa ke ajiye mahauta da makaɗa a ƙasan jerin daraja. Littafin Tarihin Kano ya kawo sarakuna da yaƙe-yaƙe da zuwan malamai da fatake. Ba wanda zai sa ran ya tarar da sunan mahaucin da ya tashi yara goma a dambe a cikinsa.

Me tsohon ɗan dambe ke koyarwa? Ga mai kallo daga nesa, dambe naushi ne kawai, wanda hannunsa ya fi nauyi shi ke kisa. Amma turmi uku ake yi, kuma yawancin lokacin da ake ɗauka a cikinsu ba duka ake yi ba, aune-aune ake yi. Mutum ya buɗe ƙafafu ya rage tsawo, ya miƙa hannun karewa har ya kusa taɓa na abokin karawa, ya janye hannun naɗi can baya yana jira. Wanda ya yi gaggawar sakin hannu bai samu ba, ya buɗe haɓarsa ke nan. Kisa a dambe kuwa ba sai mutum ya suma ba. Hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa, an kashe shi. Saboda haka yadda aka dasa ƙafa ya fi girman damtse muhimmanci, haka sanin tazarar da ƙafar abokin karawa za ta iya kaiwa, tunda ana shuri. Duk waɗannan abubuwa ne da ake nunawa a gyara, a sake nunawa. Sai naɗin kansa: ƙyalle a ciki, zare a bisa, da ƙarfin da zai tsare ƙasusuwan hannu ba tare da ya kashe jijiya ba. Amma babban aikin ubangida, a ganina, ba a wajen atisaye yake ba. Yana cikin cewa a'a. A fagen dambe ana neman juna ne a bainar jama'a, makaɗi yana zuga, 'yan kallo suna ihu, yaro mai shekara 18 da jini ke tafasa ba zai iya kau da kai ba idan wanda ya fi shi ya miƙo masa hannu. Dole a sami wanda ya san nauyin hannun wancan, wataƙila don ya taɓa sha a jikinsa ko ya ga yadda ya yi wa wani, ya riƙe yaron ya ce bai kai ba tukuna. Yaron da aka kashe da mummunan duka a farkon tashinsa sau da yawa ba ya dawowa, ko jikinsa ya warke zuciyarsa ta karye. Wanda ke tsara masa abokan karawa daga ƙarami zuwa babba shi ke gina shi.

Wannan tsari na gado ya fara sassautawa ne da zuwan jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, kuma daga kakar 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi suka fara shiga hannun manomi a lokaci guda a shekara. Kyautar dami ta koma kyautar sulalla. Cin rani ya ƙaru, samarin ƙauye suna kwarara Kano da Jos da Kaduna da Ikko suna dako da ga-ruwa da leburanci, kuma duk inda suka taru a zango ko sabon gari sai an buɗe fage. Daga baya aka kewaye fagen da zana ko langa-langa aka sa mai karɓar kuɗin ƙofa, dambe ya tashi daga abin da ake yi da kaka ya koma abin da ake yi kowane mako. A kudancin Kano akwai ƙarin wani dalili. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda gwamnatin Audu Baƙo ta gina aka kammala a 1974, tana nan kusa da Rano, kuma ruwanta ne ya buɗe noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure. Ga saurayin da ke da aiki a fadamar shinkafa ko tumatir ko alkama, rani ya daina zama lokacin hutu. Lokacin da a da aka keɓe wa wasa ya cika da aiki, wasan kuma ya ƙaura birni inda yake biya. A can ba a tambayar ko uban mutum mahauci ne. Ɗan manomi ya shigo, ɗan direba ya shigo, makanike ya shigo. Sana'ar da ta kasance ta gado ta zama ta shigege, kuma a nan ne tambaya ta taso: wanda bai gaji dambe ba, wa zai naɗa masa hannu, wa zai hana shi shiga inda za a illata shi, wa zai kai shi wurin mai ɗori idan ya karye a garin da ba shi da kowa?

Amsar tana cikin sunayen da ake kira a lasifika. Duk mai bin rahotannin dambe a rediyo, musamman waɗanda sashen Hausa na BBC ya daɗe yana kawowa daga Abuja da Kano, ya saba jin Bahagon Sanin Kurna, da Garkuwan Cindo, da Autan Faya, da Shagon wane da Dogon wane. Kusan ba mai shiga fage da sunan yanka. Rabin sunan nasa ne, yana faɗin siffarsa ko matsayinsa a gida: bahago ne, dogo ne, shi ne ƙaramin yara, shi ne wanda ake turawa gaba. Ɗaya rabin na maigidansa ne. Wani lokaci ma sunan kan hau hawa uku, kamar Shagon Bahagon Musan Kaduna, inda a numfashi ɗaya aka ambaci yaro da wanda ya tashe shi da wanda ya tashi wancan. Wannan salsala ce, irin wadda jini ke bayarwa a gidan mahauta, sai dai an ƙulla ta da zaɓi. Lokacin da dambe ya rasa gidan haihuwa a matsayin makaranta, ya ƙirƙiri gidan riƙo ya maye gurbinsa, ya kuma rubuta shi a wurin da ba ya gogewa, wato a bakin mai shela da makaɗi. Idan yaro ya yi kisa, sunan ubangidansa ne ya tashi tare da nasa. Idan aka kashe shi, tare suka faɗi. Ban san wata hanya da ta fi wannan ɗaure mai koyarwa da sakamakon koyarwarsa ba.

A bisa gidajen kuma akwai ɓangarori uku da duniyar dambe ta rabu a kai, Kudu da Arewa, wadda ake kuma kira Jamus, da Guramaɗa. A damben kasuwa na yau da kullum ɗan ɓangare yana neman ɗan wani ɓangaren ne, kuma kowane ɓangare yana da manyansa da ke zama a gefe suna lura da wanda ya fita da wanda aka nema. Abin da Clapperton ya gani a 1824 ke nan, an faɗaɗa shi ya game ƙasa. Tsofaffin 'yan dambe su ne alƙalan da ke raba turmi, su ne masu riƙe da sarautun dambe, wasu kuma su ne masu gidajen kansu. Ali Zuma ya yi suna da hannunsa kafin ya zama mai gidan damben da ke Dei-Dei a Abuja, gidan da ya shekara da shekaru yana tara 'yan wasa daga ko'ina. A Kano kuwa dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari ne matattara. Har fansho sana'ar ta yi wa kanta, domin ajo da ake shirya wa ɗan dambe idan zai yi aure ko ya manyanta ko wata lalura ta same shi, inda 'yan wasa ke zuwa su taka a tara masa abin da aka samu, ba komai ba ne illa hanyar da yara ke biyan waɗanda suka riga su.

To me ya sa, duk da haka, idan aka ce a faɗi tarihin dambe sai a faɗi na masu kisa kaɗai? Saboda makaɗa ne suka rubuta shi, makaɗi kuwa kisa yake wa waƙa. Muhammadu Bawa Ɗan Anace, mutumin Gandi ta ƙasar Sakkwato, ya ɗauki Shago ya kai shi inda ba ɗan damben da ya taɓa kaiwa, har waɗanda ba su taɓa leƙa fage ba sun san karonsa da Ɗandunawa. Ba laifin Ɗan Anace ba ne; aikinsa zuga ne, kuma ba a zuga mutum da labarin ranar da maigidansa ya hana shi faɗa. Amma sakamakon shi ne kaset ɗin da ya adana mana Shago bai adana mana waɗanda suka koya wa tsararsa tsayuwa ba. Ko Ba'amurken nan Edward Powe, wanda ya yi digirinsa na uku a 1984 a kan adabin wasannin jarumta na Hausa, daga baya kuma ya fitar da littafi a kansu a 1994, ta ƙofar kirari da waƙa ya fi shiga, domin nan ne abin ya fi yawa.

Yana da amfani a dubi wani wasa mai nisa da namu, inda ake rubuta kashi biyun duka. A Kanada da arewacin Amurka ana yin hokin ƙanƙara, wasan gudu da karo da sanda a kan daskararren ruwa, kowane ɓangare da mutum shida, biyu daga ciki masu tsaron baya. Al Arbour, haifaffen Sudbury a 1932, mai tsaron baya ne da ke wasa sanye da tabarau. Ya buga wa Detroit da Chicago da Toronto da St. Louis, kuma a wasa 626 da ya yi a babbar gasarsu ta NHL sau 12 kacal ya ci. An san shi ne da jefa jikinsa gaban harbin abokan hamayya. Bayan ya ajiye sanda ya karɓi horar da New York Islanders a 1973, ƙungiyar da a lokacin ita ce ta ƙarshe a gasar, ya kai ta ta ɗauki Kofin Stanley sau huɗu a jere daga 1980 zuwa 1983. Ya ja ragamarta a wasa 1,500, ya rasu a 2015. A gefe guda ga Wayne Gretzky, wanda ya ci sau 894 kuma ake ganin ba a taɓa yin kamarsa ba. Ya horar da Phoenix daga 2005 zuwa 2009, kaka huɗu, bai kai ta zagayen neman kofi ko sau ɗaya ba. Misali biyu ba su zama doka ba, kuma akwai gwanayen ci da suka iya koyarwa. Amma dalilin da ke ƙarƙashi a fili yake. Abin da Gretzky ke gani a fili baiwa ce da ba ya iya zuba wa wani. Abin da Arbour ya rayu da shi, wato inda za a tsaya, da lokacin da za a jira, da karanta niyyar mai tahowa, ilimi ne da ya tara da wahala, don haka ya san yadda ake faɗarsa. Da Arbour ɗan dambe ne, da ba makaɗin da zai yi masa waƙa. An san darajarsa ne kawai don a can akwai littafin da ke lissafa nasarar mai horarwa da sunansa.

Za a ce dambe ba a koyonsa, zuciya ce da nauyin hannu, sauran kuma asiri. Masu wannan magana suna da abin nunawa: layu da kambu da guraye da ke jikin 'yan wasa, da tsagar da ake yi a hannu a cusa magani, da yadda 'yan damben kansu kan danganta nasara ga taimakon wani malami ko boka. Ba na musun cewa nauyin hannu halitta ne. Amma a lura da hanyar da asirin kansa ke bi. Yaro ba ya tsintar laya a hanya. Maigidansa ne ke ba shi, ko ya kai shi inda shi ma aka kai shi, kuma tare da layar ake ba shi sharuɗɗa na abin da zai ci da abin da zai bari da lokacin da zai kwanta. Ko mutum ya yarda da tasirin abin ko bai yarda ba (malamai da dama sun yi tir da shi, kuma suna da hujjarsu), ya zama dole ya yarda cewa ta hannun ubangida yake wucewa. Wanda ya ce sirri ne ke dambe ya riga ya yarda cewa akwai mai riƙe da sirrin. Game da zuciya kuwa, fage cike yake da masu zuciya da aka kashe a turmin farko.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba na jin za a iya kore ta gaba ɗaya. Ana cewa yawancin waɗanda ake kira iyayen gida ba masu koyarwa ba ne, masu ci da gumin yara ne. Wani bai taɓa sa zare ba, kuɗi ne da shi, ya sayi suna ta hanyar ɗaukar nauyin yaro. Wani kuma tsohon ɗan dambe ne, amma shi ke karɓar kason yaro, shi ke tura shi ya taka da ciwo don an sa kuɗi mai tsoka, a gidansa kuma yaron ya fara koyon shaye-shayen da ke kashe jin zafi. Duk wannan yana faruwa. Dangantakar da ba takarda, tsakanin babba mai suna da yaro baƙo a gari, tana da sauƙin lalacewa, kamar yadda take lalacewa tsakanin maigida da yaron shago ko na mota. Abin da zan ce shi ne sana'ar tana da nata linzamin, ko da bai da ƙarfi sosai. Yaro yana iya barin gida ya koma wani, sunansa ya canja, kuma kowa ya ji ya san abin da ya faru. Ubangidan da yaransa ke yawan karyewa ko gudu ba ya samun sababbi. Sannan kasancewar wasu suna sayen matsayin da kuɗi shaida ce cewa matsayin yana da daraja. Lalacewar wasu gidaje hujja ce ta a gyara riƙo, ba ta nuna cewa dambe zai iya tsayawa ba tare da riƙon ba.

Akwai masu ganin maganin shi ne hukuma ta karɓe aikin, kuma suna nuni da Nijar. A can gwamnatin Seyni Kountché ta mayar da kokawa wasan ƙasa, aka yi gasar farko a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya zama sarki. Yau kowace jiha cikin takwas tana kawo 'yan kokawa goma, ana killace su a yi musu horo kafin gasa, kuma takobin da ake ba zakaran gasar ya zama abin da ƙasa duka ke tsayawa ta saurara, har Issaka Issaka na Dosso ya ɗauke shi karo na shida a Agadas a ƙarshen 2023. Nasara ce ta gaske, kuma Najeriya ba ta yi wa dambe kwatankwacinta ba, ko da yake an shigar da shi cikin wasannin gargajiya na bikin wasanni na ƙasa. Amma gasar takobi ta kwanaki ce a shekara, kuma mutum 80 take ɗauka. Hukuma tana zaɓe ne daga cikin waɗanda suka riga suka iya. Wanda ya ga yaro yana kayar da tsararsa a dandali ya ce a kawo masa shi, ya ciyar da shi shekara biyar kafin wani jami'i ya san da zamansa, har yanzu tsohon ɗan kokawa ne na ƙauye. Tsarin Nijar ya ɗora rufi ne a kan ginin da ya tarar.

Sabon abin da ya shigo dambe a shekarun nan shi ne kyamara. Tun da aka buɗe tashar Dambe Warriors a YouTube a 2017 miliyoyin mutane a ƙasashen da ba a jin Hausa suka fara kallo, kamfanoni irin su African Warriors Fighting Championship na Maxwell Kalu suka shigo da kwantiragi da rukunin nauyi da likita a gefen fage, ga kuma gasannin da ake sa mota. An daina akayau a ƙafa, an hana cusa abin yanka a naɗi, kuma ba mai hankalin da zai yi kewar waɗannan. Rukunin nauyi ma ya ɗauke wa ubangida wani kaso na aikinsa, tunda sikeli ya hana a haɗa ƙaramin yaro da ƙato. Sai dai kwantiragi da ɗan wasa ake yinsa shi kaɗai, bidiyon minti ɗaya kuma kisan kawai yake nunawa, wato makaɗin zamani ya gaji son zuciyar na da. Yaron Lausu ko Kibiya da ke kallon waɗannan a waya yana ganin ƙarshen abin ne, yana iya hawa mota ya sauka Sabon Gari ya nemi fage ba tare da ya bi ta hannun kowa ba. Sikeli ba zai gaya wa mai shirya gasa cewa yaron ya sha duka a ka a wani gari makon jiya ba. Wanda suke kwana gida ɗaya ne ya san wannan. Idan masu zuba kuɗi suna son 'yan wasan da za su daɗe, hanya mafi araha ita ce su sa sunan ubangida a takarda, su yanka masa kaso sananne, su kuma ɗora masa alhakin lafiyar yaron, ta yadda wanda ke ci a ɓoye zai fito fili, wanda ke aikin gaske kuma a biya shi. Sassan Hausa na Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo sun tara kundaye a kan waƙoƙin maza da kirarin 'yan dambe. Aikin da ya rage musu shi ne bin sunayen nan hawa-hawa, daga Shagon wane zuwa wanen, daga shi zuwa wanda ya naɗa masa hannu, tun dattawan da suka taka a shekarun 1970 suna nan a rumfunan mahauta na kasuwannin Rano da Kibiya da sauran garuruwa ana iya tambayarsu.